Kwalaben Malam Auwalu

"Kada ka karkata ta, Nasiru! Hannu biyu za ka sa."

Nasir ya tsaya a bakin ƙofa rungume da kular, ya waiwayo. Mai ba shi umarnin ko zama ba ya iya yi sai an tallabe shi, amma muryar tana nan yadda aka san ta, ta mutumin da ya saba tsayar da manyan motoci. Malam Auwalu ke nan, maƙwabcinsa na shekara tara a wannan bene na Manassas, ƙofa na duban ƙofa. An jingine shi da matasai uku a doguwar kujerar falo, robar iska a hancinsa, zoben azurfarsa ya koma babban yatsa don sauran sun daina riƙe shi.

"Na riƙe, Malam."

"Goma sha ɗaya ne. Ka ƙirga su a gaban wanda zai karɓa. Kada ka bar su a rana, kuma kada ka taɓa komai a jikinsu. Ka ji? Komai."

"Na ji."

Hajiya Mairo, matar Malam, ita ke riƙe masa da ƙofa. Ta dubi kular ta girgiza kai.

"Kwalabena ne fa duka. Na zuma, na man shanu, har da ta yajin da Inna ta aiko min. Shekara biyu ina yi wa Umaima faɗa wai ita ke fasa min su, ashe babanta ne ɓarawon."

Malam ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Nasir ya sauka matakala a hankali, kwalaben suna ƙaras-ƙaras a ƙirjinsa.

Abin da ke cikinsu laka ce daga wurin aikin Malam. Sau ɗaya Nasir ya taɓa ganin wurin, ran da motar Malam ta lalace ya kai shi. Tafiyar awa biyu ce yamma da Manassas, can cikin duwatsun West Virginia. Juji ne, amma ba irin na bayan gida ba. An yanke gefen dutse, an shimfiɗa baƙar roba iya ganin ido, a nan ake binne abin da rijiyoyin mai da gas suka amayar: baƙar laka, dakakken dutse, tsummokaran tace ruwa. Doka ta yarda a binne wannan. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne guba ta bi ayari ta shige, kuma saboda haka aka ajiye Malam Auwalu a wani ɗan ɗaki a bakin get, shi da digirinsa na kimiyyar sinadarai da ya taho da shi tun daga Zariya.

Kowace tifa sai ta tsaya a gabansa. Ya karɓi takardar direba ya karanta abin da aka ce an ɗauko, sannan ya hau tsani da dogon ludayi ya ga abin da aka ɗauko ɗin da gaske. Ya zaga motar da wata na'ura mai kama da rediyo, wadda ke kuka idan lakar tana fitar da irin tiririn nan da ido ba ya gani, mai cin jiki a hankali. Ya zuba ludayi guda a rariyar takarda ya dubi agogo. In ɗigo ɗaya ya sauko cikin minti biyar, kayan sun yi ruwa, ba za su shiga ba. In komai ya yi daidai ya sa hannu, a ɗaga sanda. In bai yi ba, ya nuna wa direba hanyar da ya fito. Direbobin suka laƙaba masa Mista No, shi kuwa ya ji daɗin sunan har a masallaci yakan ba da labari.

Daga baya rijiyoyi suka yi yawa, layin motoci ya kai bakin titi, aka kawo sabon manaja. Motar da Malam ya kora da hantsi sai ta dawo da azahar, an cuɗe lakar da garin katako, an sake mata takarda. Na'urar nan kuma ta koyi lalacewa daidai ranar da aka fi cunkoso. Manaja ya tsaya a bayansa yana ƙwanƙwasa tebur da makulli, yana cewa layi ya yi tsawo. Mutum mai shekara hamsin da takwas, da 'ya a jami'a a College Park, ba ya wasa da aikinsa. Mista No ya sa hannu. Sau goma sha ɗaya ya sa hannu a kan kayan da ya tabbata a ransa guba ne, kuma kowane karo, in manaja ya juya baya, sai ya ciro kwalba daga jakar abincinsa ya ɗebi ludayi guda.

A ƙasan jujin akwai rafi, a bakin rafin akwai gidaje masu shan ruwan rijiya. Wata tsohuwa a cikinsu, Constance, takan ajiye masa tumatirin lambunta a bakin get duk damina. Ya gaya wa Nasir cewa tun ranar da ya sa hannun farko bai ƙara iya cin tumatirin ba, kuma bai iya cewa ta daina kawowa ba.

"Likita bai ce aikin ne ya ba ni ciwon jinin nan ba, ni ma ban ce ba," in ji shi, ranar da ya roƙi alfarmar. "Ba ƙarar kowa nake yi ba, Nasiru. Hannuna ne a kan takardun, ba na manaja ba. So nake hukumar muhalli ta jihar ta ji daga gare ni tun ina numfashi, su je su duba rijiyoyin mutanen nan. Ba na son in tafi da wannan a wuyana."

Ba mamaki da ya zaɓi Nasir. Shi ne ɗan bokon bene, mai aikin kwamfuta a wani asibiti, mai Turanci ta hanci. Duk Juma'a bayan salla shi ke tara mutane a filin ajiye motoci yana yi musu bayanin dokar Amurka, wa ke da 'yanci, wa ba shi da shi, me za ka ce wa ɗan sanda in ya tsayar da kai. A baki dai babu jarumi irin Nasir a faɗin Virginia.

Jarumin ya buɗe but, ya ajiye kular, ya ɗaga murfinta don ya ƙirga. Nan ya tsaya cak.

Kowace kwalba an naɗe ta da farin salatif mai faɗi, daga wannan gefe ya haye kan murfi ya sauka wancan gefe. A kan salatif ɗin rubutu ne cunkus, da baƙin biro, daga dama zuwa hagu. Ajami. Malam ya gaji rubutun daga mahaifinsa, kuma ya san ko an ga kwalbar a jakarsa a wurin aiki ba mai gane abin da ta ce. Amma Nasir ba Hausa ya gani ba. Abin da ɗan sandan hanya zai gani shi ya gani: Musulmi, a mota, ƙasa da awa guda daga Washington, da kwalabe goma sha ɗaya na baƙin abu mai sa na'ura kuka, an rubuce su da Larabci, yana neman ginin gwamnati. Ga shi saura mako biyar a kira shi ganawar zama ɗan ƙasa, bayan shekara goma sha uku yana jira. Bai ma tsaya ya gwada karantawa ba. Ya rufe kular, ya kai ta ɗakin ajiya na ƙasan bene, ya tura ta bayan tayoyin motar da ake sawa lokacin sanyi, ya ce a ransa gobe.

Da la'asar ya shiga gaida Malam.

"Ka kai?"

Da ya ce gobe, da an wuce wurin. Amma idanun nan da suka faɗa ciki sun kafe shi, Hajiya Mairo kuma ta tsaya da kofin kunu a hannu tana jiran amsa.

"Na kai, Malam."

"Alhamdulillahi." Malam ya lumshe ido. "Alhamdulillahi. Allah Ya yi maka albarka, Nasiru. Mairo, ba ni kunun nan."

Ya shanye kofin tas, abin da ya yi mako bai yi ba. Nasir ya koma gidansa yana jin kamar ya haɗiyi dutse, amma ko da ya haɗiya bai shaƙe shi ba, don ya ci tuwonsa ya yi barci.

Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako. Kullum akwai dalili. Yau taro a ofis, gobe ruwan sama, jibi ya karanta wani labari a waya da ya ƙara tsinka masa zuciya. Ya rage shiga gidan Malam, in ya shiga ma a tsaye yake gaisuwa. Malam kuwa bai sake tambayar ko ya kai ba. Abin da yake tambaya daban ne.

"Ba su kira ba?"

"Ai ka san aikin gwamnati, Malam."

"Haka ne."

Ran kwana na goma sha takwas, Hajiya Mairo ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da safe ta ce Malam na son ganinsa. Ya same shi an mai da shi gadon asibiti da aka kawo falo. Ya ƙara ƙanƙancewa, leɓɓansa sun tsattsage. Ya yi wa matarsa alama da ido, ta shige kicin ta ja ƙofa.

"Zauna, Nasiru. Wace lamba suka ba ka?"

"Lamba?"

"A takardar karɓa."

Nasir ya shafa aljihu, kamar lambar za ta tsiro a ciki. "Ina jin... ai ba su ba ni takarda ba. Cewa suka yi za su aiko ta imel."

"Wa ya karɓa? Mace ko namiji?"

"Namiji ne. Wani dogo."

"Ya sa safar hannu?"

Injin iska yana ta huci a gefen gado.

"Shekara goma sha huɗu ina karɓar samfur," in ji Malam, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Ko na fitsarin kare ne, ba a karɓa sai an rubuta wanda ya kawo, da wanda ya karɓa, da ƙarfe nawa. Kowa ya sa hannu. A yaga a ba ka rabinka. Tun ranar farko nake jiran ka miƙo min rabin nan."

"Malam, wallahi..."

"Bar rantsuwa. Ni ma na san yadda ake yi. Wani ya tsaya a bayanka, ka ji ƙafarka ta yi sanyi." Ya juya fuskarsa ga bango. "Ni ba ni da bakin yi maka faɗa. Je ka, kada ka makara aiki."

Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Nasir ya fita kunya na cin sa har ƙashi, ya buga waya ofis ya ce ba shi da lafiya, ya sauka ɗakin ajiya ya jawo kular. Yau zai kai, ko me zai faru. Amma da ya sake ganin rubutun, tsoron nan ya dawo ya zauna inda ya saba zama. Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mai ilimi idan yana son ya yi abin kirki ba tare da ya biya komai ba. Laka ake so a gwada, ba rubutu ba. Ya sa farce ya ɓamɓare salatif ɗin ɗaya bayan ɗaya, wani ya fita lafiya, wani ya yage a kan murfi. Ya rubuta lamba ɗaya zuwa goma sha ɗaya a kan murafan da alƙalamin maka, da boko, tsaf. Salatif ɗin kuma ya dunƙule su ya cusa a aljihun ƙofar mota. Har wani daɗi ya ji da ya ga kwalaben sun fito fes, kamar na kanti.

Ba wanda ya tsayar da shi a hanya. Awa biyu da rabi, ko motar 'yan sanda ɗaya bai gani ba. A ƙofar ofishin hukumar muhallin ma mai gadin bai ɗaga kai daga wayarsa ba.

Wadda ta saurare shi wata mata ce mai furfura da tabarau a rataye a wuya, sunanta Olive a rubuce a ƙirji. Ta ji labarin har ƙarshe ba ta katse shi ba, da ya ambaci rafin da gidajen ma sai ta jawo takarda ta fara rubutu. Sannan ta sa safar hannu, ta biyo shi waje, ta buɗe kular. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta juya ta a haske. Ta shafa inda gam ya bar shaida a kan murfin.

"Akwai wani abu a nan da. An liƙe murfin?"

"Salatif ne kawai. Na cire, ya yi datti."

"Da rubutu a kai?"

"E... da yarenmu."

"Kwanan wata? Sa hannu?"

"Ban sani ba."

Ta cire tabaran ta dube shi, ba da fushi ba, da irin kallon da ake yi wa wanda ya zubar da abincin da ya sha wuyar dafawa.

"Abokinka ya san aikinsa. Wannan salatif ɗin shi ne hatimi. In yana nan bai yage ba, da sa hannunsa a kai, ya nuna ba wanda ya buɗe kwalbar tun ranar da ya rufe ta. Yare ba matsala ba ne, muna da masu fassara. Kwalbar zuma ce, ba za ta tsaya a kotu ba, amma da na rubuta ta na buɗe fayil yau ɗin nan. Yanzu kuwa laka ce a kwalba. Ba zan iya cewa ba a bayan gidanka ka ɗebo ta ba."

Nasir ya ji muryar Malam a kunnensa sarai. Kada ka taɓa komai a jikinsu. Shi a lokacin ya ɗauka lafiyarsa ake jiye masa.

"Ba abin da za a yi?"

"Akwai. Yana iya magana?" Ta koma ciki ta fito da fom mai shafi biyu. "Ya faɗi abin da ya gani, wani ya rubuta, ya sa hannu a nan ƙasa a gaban shaida. Da wannan zan iya tura mutane su duba, ko ba kwalabe. Yaushe ya ba ka su?"

"Kwana goma sha takwas."

Ta miƙa masa fom ɗin, ta rufe masa kular da kanta.

Ya taka mota kamar ana bin sa. Ya kira wayar Hajiya Mairo sau uku ba a ɗaga ba, ya ce wa kansa tana salla ne. A kusa da gida ya tarar da cunkoson masu tashi daga aiki, ya yi minti arba'in yana kallon jajayen fitilun motar gabansa, fom ɗin a kujerar gefe, ya ɗora masa waya kada ya lanƙwashe. Ya riga ya tsara komai. Shi zai rubuta, Umaima ta zama shaida, in hannun Malam ya kasa riƙe biro sai a tallafa masa.

Takalma ya fara gani. Sun cika gaban ƙofar Malam, sun gangaro har gaban tasa ƙofar, na maza da na mata, wasu a kan wasu. Ba ya jin hucin injin iska ta bango kamar kullum. Wani dattijo daga masallaci ya fito, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Sai haƙuri, Malam Nasir. Bayan azahar kaɗan. Ya yi ta tambayar ko ka dawo."

Washegari aka rufe shi. Nasir yana cikin waɗanda suka sauka kabarin suka karɓe shi, ya ji ba nauyi, kamar an miƙo masa yaro. Mutane suka yi ta yaba masa, maƙwabci na gari, wanda ya tsaya wa mamaci har ƙarshe. Ya karɓi yabon da kai a sunkuye, suka ɗauka tawali'u ne.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki ya je ganawarsa. Minti ashirin aka yi, aka tambaye shi taurarin tuta da sunan kogi, aka yi masa murna.

Ranar da ya dawo daga can ne ya iya ƙwanƙwasa ƙofar da ke duban tasa. Hajiya Mairo tana zaune a kan darduma a inda gadon yake da, Umaima a gefenta. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya gaishe ta, ya gaya mata duka, bai rage komai ba. Ya ajiye fom ɗin a gabanta, da dunƙulen salatif ɗin da ya ciro daga ƙofar mota.

Ba ta dubi fom ɗin ba. Dunƙulen ta ɗauka, ta fara warware shi da farce, a hankali, don gam ɗin ya kama juna. Ta ciro guda ta shimfiɗa a gwiwarta. Ya yage a tsakiya, ta haɗa bakin biyu.

"Mama, me ya ce?" in ji Umaima da Turanci.

Hajiya Mairo ta bi layin da yatsa, daga dama.

"Talata, sha huɗu ga watan biyar. Jar tifa, lamba kaza. Na'ura ta yi kuka sau uku. Ni Auwalu ɗan Malam Sani na ɗiba da hannuna, bayan na sa hannu a kan abin da na san ƙarya ne. Allah Ka yafe mini." Ta tsaya. "Ga sa hannunsa nan. Nan ne ya yage."

"Hajiya..." in ji Nasir.

"Ka ja mana ƙofar in za ka fita, Malam Nasir."

Ya tashi. Kafin ƙofar ta rufu ya ga ta ciro na biyu, ta ɗora kusa da na farkon, tana lallashe shi da tafin hannu don ya kwanta.